Yadda Ake Tara Tsofaffin Diwanan Mawaƙan Ishara na Rasha

Wanda bai san kan abin ba, in ya ga littafin a kan tebur zai iya ɗora masa kofin shayi. Siriri ne, bangonsa na takarda, gefensa ya ɗan cinye, launinsa ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Amma in a jikinsa an rubuta sunan Aleksandar Blok, da Mosko, da kamfanin ɗab'i na Grif, da shekarar 1905, to kana riƙe da ɗaya daga cikin kwafi 1,200 na diwanin farko na mawaƙin da Rashawa da yawa ke sawa a sahun gaba bayan Pushkin, babban mawaƙin ƙasarsu. Irin waɗannan littattafan ne ake farauta a wannan harkar, kuma duk wanda ya shiga ba da ilimi ba, kuɗinsa ne zai yi kuka.

Su waye mawaƙan? Turawa na kiran tafarkinsu Simbolizim. Ni na fi son in ce mawaƙan ishara, domin salon ke nan: ba a faɗin abu ƙarara, sai a kawo dusar ƙanƙara ko faɗuwar rana ko wata mace da ba a ambaci sunanta ba, a bar mai karatu ya hango abin da ke bayan labule. Daga Faransa iskar ta kaɗo. A Rasha ana ƙirga farkonta daga laccar da Dmitri Merezhkovski ya yi a 1892, da kuma ƙananan ƙasidu uku masu suna Russkie simvolisty da Valeri Bryusov ya fitar a Mosko tsakanin 1894 da 1895. Manyan farko su ne Bryusov, da Konstantin Balmont, da Fyodor Sologub, da Zinaida Gippius da mijinta Merezhkovski. Bayansu sai Blok, da Andrei Beli, da Vyacheslav Ivanov. Innokenti Annenski yana gefe shi kaɗai. Zuwa 1910 tafiyar ta fara tsagewa, mutuwar Blok a 1921 kuma ta rufe babin.

Mataki na farko: ka yanke wa kanka iyaka

Shekara talatin na ɗab'i ba abin da mutum ɗaya zai kwashe ba ne, ko da attajiri ne. Sai ka zaɓi gona ɗaya ka noma. Wasu mawaƙi ɗaya suke bi daga diwaninsa na farko har na ƙarshe. Wasu mai zanen bango suke bi, kamar Konstantin Somov wanda ya zana bangon Zhar-ptitsa na Balmont a 1907, ko Leon Bakst mai hoton da ke gaban Snezhnaya maska na Blok a wannan shekarar.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya bi kamfanin ɗab'i. Dalili kuwa, littattafan kamfani ɗaya suna kama da 'ya'yan gida ɗaya: takardarsu, da haruffansu, da tambarinsu duk dangi ne, saboda haka in ka riƙe uku ko huɗu, idonka zai fara gane baƙo. Babban gida a nan shi ne Skorpion na Mosko, wanda Sergei Polyakov, ɗan gidan masu masaƙa, ya zuba wa kuɗi daga wajen 1900 har 1916. Shi ya buga Tertia Vigilia da Urbi et Orbi na Bryusov, da Budem kak solntse na Balmont a 1903, da Zoloto v lazuri na Beli da diwanin Gippius na farko a 1904, da mujallar Vesy mai fita wata-wata daga 1904 zuwa 1909. Abokin gasarsa Grif ne, na Sergei Sokolov, wanda ya soma a 1903. Akwai Musaget na Emil Medtner, akwai Ory, ɗan ƙaramin kamfanin da Ivanov ya kafa a Petersburg, sai Alkonost na Samuil Alyanski da ya tashi a 1918 ana tsakiyar yunwa da yaƙin basasa.

In aljihu bai yi nauyi ba, ka fara da kwafi ɗaiɗai na mujallu, ko da Balmont. Bawan Allah nan ya yi rubutu kamar ruwan Agusta, diwanansa suna da yawa, na baya-bayan ba su da wuyar samu. Sai dai na farkonsa, wanda ya buga a garin Yaroslavl a 1890, kada ka sa rai: da ya ga babu wanda ya kula da littafin, sai ya ƙone kusan duk kwafin da hannunsa.

Mataki na biyu: ka koyi karanta shafin suna

Ba sai ka iya Rashanci kamar ɗan Mosko ba, amma haruffan talatin da uku na yau dole ne, kuma mako biyu sun isa. Bayan su akwai waɗanda suka fi muhimmanci a wurinka, wato waɗanda aka soke. Gwamnatin Bolshebik, wato ta 'yan gurguzu da suka karɓi mulki, ta gyara ƙa'idar rubutu da dokokin ƙarshen 1917 da na Oktoban 1918, ta cire ѣ da і da ѳ, ta kuma daina sa ъ a ƙarshen kalmar da ta ƙare da baƙi. Saboda haka littafin da aka ce na 1907 ne, in ka buɗe ba ka ga ѣ da ъ sun cika shafi ba, ka ajiye shi kawai. Amma ganinsu ba hujja ba ce cewa littafin ya girmi 1918, domin Rashawan da suka yi hijira zuwa Berlin da Paris da yawansu sun ci gaba da tsohon rubutu shekara da shekaru.

Sunan gari ma yana faɗin shekara. Babban birnin sarauta Petersburg ne har 1914, ana taƙaita shi СПб. Daga 1914 zuwa 1924 Petrograd ne, daga nan Leningrad. In shekara da sunan gari suka saɓa, ka tsaya ka bincika, amma ka sani wasu kamfanoni irin su Alkonost sun ci gaba da rubuta Petersburg bayan 1914. Ka kuma koyi lambobin Romawa, don Skorpion na son rubuta shekara da su; MCMIV shi ne 1904.

Ka juya bayan shafin suna. A ƙananan littattafan da suka fito kafin 1906 za ka tarar da layi mai cewa Дозволено цензурою, wato hukumar tace littattafai ta ba da izini, da gari da kwanan wata. Wannan layin ya fi shekarar da ke gaba faɗin gaskiya. Masu ɗab'i sukan sa shekara mai zuwa a littafin da ya fito ƙarshen shekara don kada ya yi saurin tsufa a kanti. Diwanin Blok da na fara da shi, Stikhi o Prekrasnoi Dame, an rubuta masa 1905, amma a Oktoban 1904 ya shiga kasuwa, izininsa kuma daga Nizhni Novgorod aka samo shi. In dillali ya rubuta 1904 wani ya rubuta 1905, littafi ɗaya suke nufi.

Sai sunayen aro. Andrei Beli sunansa na yanka Boris Bugaev, Sologub kuwa Teternikov. Annenski ya fitar da Tikhie pesni a 1904 da sunan Nik. T-o, wanda in ka haɗa shi ya zama kalmar Rashanci mai ma'anar "ba kowa". Mai sayarwar da bai san wannan ba zai iya jefa shi cikin tarkace. Ba kasafai hakan ke faruwa ba yanzu da kowa ke da waya a hannu, amma yana faruwa.

Mataki na uku: bugun farko na me?

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Waɗannan mawaƙan ba sa barin waƙa ta huta. Diwanin Blok na Grif waƙa 93 ne a ciki. Da Musaget ya tattara waƙoƙinsa a juzu'i uku a 1911 zuwa 1912, juzu'in farko ya ɗauki wannan sunan dai, amma waƙoƙin ciki sun ninka kusan sau uku, tsarin ma ya sauya. An sake bugawa a 1916 da wasu gyare-gyaren. Beli ya fi kowa wannan hali: diwaninsa Pepel na 1909 da wanda ya sake fitarwa a 1929 sun yi nisa da juna, har masana na ɗaukar su kamar littattafai biyu.

Dubi kuma Dvenadtsat, doguwar waƙar Blok kan juyin juya hali. Ta fara fitowa a jaridar Znamya truda a Maris 1918. Daga nan aka buga ta a ɗan littafi tare da wata waƙar tasa, Skify. Sai a ƙarshen shekarar Alkonost ya fito da babban bugun mai zanen Yuri Annenkov, kwafi 300 masu lamba, kafin a sake buga dubbai da zanen guda. Kowanne cikin waɗannan ana iya kiransa "na farko" ta wata fuska, farashinsu kuwa kamar sama da ƙasa. In ka ga an rubuta bugun farko, tambayarka ita ce: na farko a jarida, ko a littafi, ko da zane? Akwai lamba a jikinsa ko babu?

Abin da zai raba maka gardama shi ne kundin da 'yan harkar ke dogara da shi. Anatoli Tarasenkov ya tattara jerin diwanan mawaƙan Rasha na 1900 zuwa 1955, aka buga a 1966, Lev Turchinski kuma ya faɗaɗa shi a 2004. A takardun gwanjo za ka riƙa ganin an rubuta Turchinski da lambar shafi, ko Rozanov ko Lesman da lamba. Waɗannan biyun kundayen ɗakunan karatu ne na wasu mashahuran masu tarawa. Kundin Turchinski zai gaya maka adadin shafuka, da wurin bugu, sau da yawa har da yawan kwafi. Bayan haka ka nemi hoton littafin gaba ɗaya a intanet. Babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Mosko da na Petersburg sun ɗora da yawa kyauta, haka ma shafukan intanet na ImWerden da Internet Archive. Ka ajiye hoton a gefe ɗaya, wanda ake son sayar maka a gefe ɗaya, ka bi su shafi-shafi, har tallar littattafan kamfanin da ke can ƙarshe, wadda masu ɗinki kan yage su yar.

Mataki na huɗu: bango da lafiyar jiki

Kusan dukkan diwanan nan da bangon takarda suka fito daga maɗaba'a. Mai hali in ya saya sai ya kai wa mai ɗinki a yi masa bango mai tauri na fata ko na ƙyalle. Ido zai fi son mai fatar, amma kasuwa ta fi son mai takardar, saboda a jikin takardar nan zanen Somov ko Nikolai Feofilaktov yake, kuma mai ɗinki yakan datse gefen shafuka da wuƙa don su daidaita. Mafi daraja shi ne wanda ke cikin bangonsa na asali ba a datse ba. Mai bi masa shi ne wanda aka ɗinke amma aka bar bangon asali a ciki, gaba da baya. Wanda aka cire wa bango na karatu ne kawai, ka biya kuɗin karatu.

Wani lokaci za ka samu shafuka a manne ta sama, ba a taɓa yanka su ba, alamar ba wanda ya karanta shi cikin shekara ɗari da 'yan kai. Kada ka sa wuƙa. Ga hoton littafin nan a intanet in karatu kake so.

Ɗigo-ɗigon tsatsa a takarda, wanda Rashawa ke kira tabon yanyawa, abu ne da aka saba gani, ba ya kashe ciniki. Abin gudu shi ne fumfuna, da shatar ruwa, da salatif da wani ya liƙa a wurin yagewa, domin gam ɗinsa na shiga takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa har abada. Littattafan 1918 zuwa 1922 kuwa ka yi musu uzuri: an buga su ne a kan takarda mara kyau mai tsami, wadda ke karyewa kamar ƙosai busasshe in an lanƙwasa ta.

Hatimi iri biyu ne. Na kantunan tsofaffin littattafai na zamanin Sobiyet, waɗanda ake kira bukinist, yana bangon baya da farashi a rubuce, kuma ba laifi ba ne, tarihi ne ma. Na ɗakin karatun gwamnati shi ne matsala. In babu wani hatimin a kansa mai nuna an cire littafin daga rajista, kamar погашено, mai yiwuwa kayan sata ne. In ka ɗaga shafin suna ko shafi na 17 zuwa haske ka ga wani wuri ya yi sirara, to an kankare hatimi, don a waɗannan wuraren ɗakunan karatun Rasha suka saba bugawa.

Mataki na biyar: jabu da mai kama da jabu

Yawancin abin da ke ruɗin mutane ba a yi shi don zamba ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, da asalin littattafan suka yi wuya, kamfanoni irin su Ardis a Amurka, da Wilhelm Fink a Jamus, da Prideaux a Ingila, da Kniga a Mosko sun sake buga su ta hanyar ɗaukar hoton shafukan asali, da tsohon rubutun da tsohuwar shekarar. Sukan faɗi haka a wani ɗan shafi ko a bango. Macuci sai ya cire wannan shafin, ya jiƙa sauran da ruwan shayi.

Ni ma an taɓa yi mini, daga wani dillali da na gani a intanet. Hotuna uku ya turo, dukkansu daga nesa, farashin kuma ya yi daɗi har na manta cewa araha ba ta ado. Da kunshin ya iso na shafa shafin da yatsa, sumul kamar takardar jarrabawa. Cinikin biri a sama na yi, ba wanda zan zarga.

Ga yadda ake ganewa. Bugun wancan zamanin da haruffan dalma ake danna shi, saboda haka in ka kashe fitila ka haska tocila daga gefe, kwance da shafin, za ka ga haruffan sun ɗan nutse, wani lokaci har sun turo ta baya. Bugun hoto a shafe yake. Gilashin ƙara girma zai nuna maka ɗige-ɗigen na'urar buga takarda ta zamani in da ita aka yi bangon, domin bango shi aka fi ƙirƙira a liƙa wa littafi na gaske. Ƙaramar fitilar gane jabun kuɗi ma tana aiki: takardar da aka yi daga wajen 1950 zuwa yau galibi tana ƙyalli fari mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashinta, tsohuwa kuwa shiru. Rashin ƙyallin dai bai wanke littafi ba, don akwai masu amfani da tsohuwar takarda.

Sa hannun marubuci kuma, ka bar shi tukuna. Layi biyu da aka ce Blok ya rubuta na iya ninka farashi sau da yawa, shi ya sa maƙirƙira suka fi yawa a nan. Sai in an san hannun da littafin ya bi tun daga wanda aka ba kyautar, ko an taɓa buga hoton rubutun a wani tsohon kundi.

Mataki na shida: inda ake saye

Babbar kasuwar tana Mosko da Petersburg. Gidan gwanjo na Litfond yana yin gwanjon littattafai a kai a kai, ana kuma bin gwanjon gidaje da yawa ta shafin intanet na Bidspirit, ƙananan dillalai kuwa suna shafin Alib. Ka yi wata shida kana kallo kawai, kana rubuta abin da aka sayar da nawa da yanayin jikinsa. Wannan littafin lissafin naka zai fi duk wata shawara amfani.

Sai dai kallo daban, saye daban. Dokar Rasha ta ɗauki littafin da ya haura shekara 100 a matsayin kayan tarihi, ba ya fita ƙasar sai da izinin Ma'aikatar Al'adu, kuma ba kowane ake ba wa ba. Kusan duk littattafan da muke magana sun haura. Tun Maris 2022 kuma katunan Visa da Mastercard na waje ba sa aiki a can. In wani ya ce zai sako maka shi cikin jakar matafiyi, ka ce a kai kasuwa. Kwastam za su ƙwace, mai ɗauke da shi kuma ya shiga uku.

Wanda ke waje gara ya nemi abin da ya riga ya fita tun tuni. Masu hijira sun tafi da akwatunan littattafai. Balmont a Faransa ya mutu a 1942, Gippius a Paris a 1945, Ivanov a Rum a 1949, Berlin kuma a farkon shekarun 1920 cike take da kamfanonin ɗab'in Rashanci irin su Slovo da Petropolis da na Grzhebin. Saboda haka dillalan Paris da Berlin da Landan da New York suna da kaya, ana kuma laluben su ta shafukan intanet na viaLibri ko AbeBooks. Ka fi karkata ga wanda ke cikin ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai ta duniya, ILAB, don ƙa'idarsu ta ɗora musu alhakin abin da suka siffanta.

Kafin ka biya, ka nemi hoton bango gaba da baya, da ƙashin baya, da shafin suna da bayansa, da shafi na 17, da shafin ƙarshe. Ka tambaya a rubuce ko an yi gyara, ko duk shafuka da hotuna sun cika, ko ana karɓar kaya in an dawo da su. A gwanjo ka tuna da la'adar gidan, wadda kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashi a manyan gidaje, ban da kuɗin aikowa da inshora. Ka rubuta iyakar abin da za ka taya kafin a fara, don in zuciya ta ɗau zafi hannu ba ya jin magana.

Mataki na bakwai: ajiya

Takarda tana son sanyi matsakaici, wajen digiri 18 zuwa 20, da laimar iska tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, kuma abin da ta fi tsana shi ne hawa da sauka. Wanda ke zaune a Kano ko Damagaram ya san ba haka garin yake ba: hunturu ya busar da ita har ta yi ƙaras, damina ta jiƙa ta, bazara ta gasa ta. In ba ka da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki dare da rana, kunna ta da kashe ta ya fi rashinta illa. Gara ka zaɓi ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da bangon da rana ke duka, nesa da kicin da banɗaki.

Kowane littafi a naɗe shi da takarda mara tsami, a sa shi a kwalinsa, a kwantar, kada a tsayar da mai bangon takarda. Kwalayen a sa su a kabad ɗin ƙarfe da ya ɗaga daga ƙasa kuma bai jingina da bango ba, saboda gara. Da damina ka sa ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, da ɗan agogon auna laima, ka riƙa dubawa. Kada ka rufe littafi ruf a leda, gumi zai yi. Kada ka fesa maganin ƙwari a kansa; ka share ɗakin, ka hana abinci shiga, kyankyasai za su nemi wani wurin. Gafaka ta fata ma, duk da ta riƙe wa malamanmu littattafai shekaru aru-aru, kada fatar ta taɓa wannan takardar kai tsaye, don takan bar mata tabo.

Da hannu wankakke busasshe ake ɗauka, ba da safar hannu ba, wadda ke hana ka jin takardar har ka yage ta. Kada ka buɗe shi ya baje, ka tallafe shi da matashi ta kowane gefe. In wani wuri ya yage, ka bar shi yadda yake har ka samu mai gyaran da ke aiki da takardar Japan da kokon alkama. A cikin kwalin ka sa 'yar takarda da ka rubuta da fensir: ranar saye, wurin wa, nawa, lambarsa a kundin Turchinski, da duk aibin da ka gani ranar da ya iso. Rasit da takardar kwastam su ma su zauna nan tare da shi.